Ciki Ɗaya, Hali Daban-daban

Wa'azin daren goma sha uku ga watan Ramadan

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya halicci mutum daga ƙasa, Ya raba wa bayinSa halaye kamar yadda Ya raba musu arziki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu saurare, na Birni da Zango da Sabon Gari, da na Mirya da Magarya da Matamai, da duk inda muryar nan ta kai:  Allah Ya karɓi abin da ya wuce na azuminmu, Ya ba mu ikon cika sauran.

A cikin takardun da ake aiko mana nan gidan rediyo akwai tambayar da ta maimaitu a makon nan, ko da yake masu aiko ta daban-daban ne. Wani magidanci ya ce yana da 'ya'ya biyu maza, uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya ake kwasa musu tuwo, malami ɗaya ke biya musu allo. Babban in an ce zauna, ya zauna ke nan sai an ce tashi. Ƙaramin kuwa tun yana goye bai bar kowa ya runtsa ba, yau shekararsa bakwai, babu katangar unguwa da bai hau ba. Yana tambaya ko sammu aka yi wa yaron, ko iska ce ta shafe shi, kuma wace addu'a za a yi masa. To, malam, addu'a ba ta yi wa ɗa yawa, ka yi masa dare da rana. Amma kafin a kai ga neman rubutun sha, bari mu duba abin da Shari'a ta sanar da mu game da yadda Allah Yake halittar yara.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ma'anarsa ita ce an halicci Annabi Adamu daga damƙin ƙasa da aka ɗebo daga dukkan sassan duniya, shi ya sa zuriyarsa suka fito gwargwadon ƙasar: da ja da fari da baƙi, da mai sauƙi da mai tauri. Mutumin Damagaram ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Ya san jigawar Damargu da ke ba da gero, ya san lambunan Mirya da Gidimuni, ya san duwatsun da ke tsaye cikin Birni. Duk ƙasa ce, duk ta Allah ce. Ba mu taɓa jin manomi mai hankali ya tsaya tsakiyar jigawa yana tsine mata don ta ƙi ba shi shinkafa ba. Duba ta yake yi, ya gane abin da take karɓa, ya shuka mata shi. Me ya sa abin da muka yarda da shi a gona muke musun sa a tsakar gida?

Akwai kuma labarin Ashajju, na cikin tawagar Abdul Ƙaisi. Da suka iso Madina, mutanensa suka diro daga raƙuma suka ruga wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shi kuwa ya tsaya ya kimtsa kaya, ya sake tufafi, sannan ya tako a natse. Annabi ya shaida masa cewa yana da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri da rashin gaggawa. A ruwayar Abu Dawuda, Ashajju ya tambaya ko shi ya koya wa kansa su, ko a kansu aka halicce shi. Aka amsa masa cewa Allah ne Ya halicce shi a kansu. To, kun ji. Akwai abin da yaro ke zuwa da shi duniya, tun kafin a raɗa masa suna.

Ni kaina sai da girma ya zo wannan babi ya ja hankalina. Mu malaman zaure yaro ba ya zuwa hannunmu sai ya kai shekara biyar ko shida, a lokacin an riga an yi masa shaida a gida: wannan mai jin magana ne, wancan ja'iri ne. Shekarun da suka gabaci wannan suna hannun mata, can cikin gida. Da tsufa ya rage mini fita, aka kuma fara kawo jikoki yaye, sai na sami kaina zaune a inuwa ina kallon 'yan shekara biyu. Na ga wanda in baƙo ya yi sallama zai rarrafo ya kama masa riga, na ga wanda zai shige bayan kakarsa sai an jima ya leƙo da ido ɗaya. Na ga wanda in an ƙwace masa cokali sai unguwa ta ji, na ga wanda zai dubi mai ƙwacen kawai ya ɗauki wani abu. Ba wanda ya karantar da su wannan. Da na ba tsofaffin gidan labari kamar na zo da sabon abu, dariya suka yi mini. Suka ce ai tun ranar wankan farko ake gane wasu, daga yadda jariri ke karɓar ruwa da yadda yake kama nono. Ilmi ne da ke wurin ungozomomi da kakanni mata, ba a rubuta shi a allo ba, kuma ina shawartar magidanta su riƙa tambayarsu.

Wannan ya sa na koma ga littattafai ina neman abin da magabata suka faɗa, sai na tarar sun yi magana mai yawa. Amma bari in fara kawo muku wani abu da wani likita da ke sallah tare da mu ya gaya mini, don hikima kayan mumini ce, inda ya tsince ta ya ɗauka. A ƙasar Amurka wasu likitoci biyu, Alexander Thomas da matarsa Stella Chess, sun fara bin rayuwar yara 133 a shekarar 1956, tun suna jarirai har suka zama manya. Suka ga kamar 40 cikin 100 masu sauƙi ne, barcinsu da cinsu a kan lokaci, ba sa ƙyamar sabon abu. Kamar 10 cikin 100 masu wuyar sha'ani ne, ga kuka mai ƙarfi, ga rashin tsayayyen lokacin barci. Kamar 15 cikin 100 kuma masu ɗari-ɗari ne, sai a hankali suke sabawa. Sauran ba su shiga kowane kashi sosai ba. Abin da ya fi amfani cikin bincikensu shi ne, sun ga makomar yaro ta rataya ƙwarai a kan dacewar renon da aka yi masa da irin halin da ya zo da shi. Na ce wa likita, shekaru suka yi suna ƙirga, mu kuwa an gaya mana mai sauƙi da mai tauri tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, sai dai su sun zauna sun duba, mu mun haddace mun wuce.

Hausawa na da karin magana biyu da mai gaggawa zai ce suna karo da juna. Sun ce hali zanen dutse. Sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanne za a ɗauka? Imamu Gazali ya warware wannan a cikin Ihya'u da misalin ƙwallon dabino. Ƙwallon nan ba bishiya ba ne tukuna, amma in an shuka shi an yi masa ban ruwa zai zama dabino, kuma duk renon da za a yi masa ba zai zama tuffa ba. Haka ya ce fushi da sha'awa ba a tumɓuke su daga zuciya, linzami ake sa musu har su daidaita. Ashe asalin hali shi ne zanen dutsen, inda za a fuskantar da shi kuwa shi ne ɗanyen iccen. Ku dubi Sayyidina Umar. Zafin da yake da shi kafin Musulunci bai bar shi ba bayan ya musulunta. Alƙibla aka sauya masa, zafin nan ya zama garkuwar raunana har aka kira shi Faruƙu.

Ga kuma wani hadisi da nake so kowane uba ya riƙe, na Abu Ƙatada, a wurin Abu Dawuda da Tirmizi. Annabi ya fita da dare ya wuce Abubakar yana sallah yana karatu ƙasa-ƙasa, ya wuce Umar yana karatu da ɗaga murya. Da ya tambaye su, kowa ya kawo dalilinsa: Abubakar ya wadatu da cewa Wanda yake ganawa da Shi Yana ji, Umar kuwa yana tada mai gyangyaɗi yana korar Shaiɗan. Me Annabi ya yi? Bai ce Umar ya koma Abubakar ba, bai ce Abubakar ya koma Umar ba. Ya umurci ɗaya ya ɗaga kaɗan, ɗaya ya sauke kaɗan. Kaɗan, jama'a! Yaronka mai kunya da ke laɓewa in an yi baƙi, ba a gyara shi da jawo shi tsakiyar taro ana yi masa tsawa. Aike shi gidan maƙwabci yau, gobe ka aike shi bakin kasuwa, jibi ka sa shi ya yi wa ƙannensa iƙama. Mai zafin nan kuma da ba ya iya zama, ba shi aikin da zai ci ƙarfinsa: ɗebo ruwa, kiwon akuya, shimfiɗa tabarmin masallaci kafin asham. In ka ɗaure shi wuri ɗaya, ƙarfin nan sai ya nemi mafita, kuma ba za ka so inda zai ɓullo ba.

Annabi Musa da Annabi Haruna ciki ɗaya suka fito. Alƙur'ani ya nuna mana ɗaya mai ƙarfi ne da saurin ɗaukar mataki, ɗayan ya fi fasahar harshe, har Musa da kansa ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa saboda wannan. Dukansu Allah Ya aiko. Zaidu ɗan Sabitu yana saurayi Annabi ya lura da kaifin haddarsa, ya sa shi koyon rubutun Yahudawa, ya iya cikin kamar rabin wata, daga baya shi aka ɗora wa tattara Alƙur'ani. Abu Zarri kuwa, duk da gaskiyarsa da gudun duniyarsa, Annabi ya hana shi karɓar shugabanci don ya ga ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba. Kowa an san shi, an ajiye shi inda ya dace.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi wannan bayani a fili cikin Tuhfatul Maududi. Ya ce uba ya dubi abin da aka shirya ɗansa dominsa. In ya ga fahimta da hadda, ya sa shi a hanyar ilmi. In ya ga zuciyarsa na wajen doki da harbi, ya bar shi can, don Musulmi na bukatar wannan. In kuma ya ga idonsa a buɗe yake ga wata sana'a ta halal, ya ba shi dama, bayan ya koya masa abin da ya wajaba na addini. Ku tuna, Damagaram ba ta yi suna da malamai kaɗai ba. Zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, an ja ganuwa, maƙera sun zuba igwa a cikin garin nan, fatake sun ƙetara sahara da fatu da gashin jimina, dukawanmu kuwa har yau ana neman aikinsu. Da a ce kowane uba na wancan zamani ya rantse sai ɗansa ya zama alaramma ko ya tsine masa, wa zai hura zuga? Fatiha da sallah da sanin halal da haram wajibi ne a kan kowa. Haddace izu sittin baiwa ce da Allah Yake ba wanda Ya so. A tsangaya mun ga wanda ya wuce babbaƙu da farfaru cikin 'yan watanni, mun ga wanda ya shekara a kansu, kuma sau da yawa mai jinkirin nan in ya riƙe abu ya riƙe ke nan.

Kada kuma a yi saurin yanke ƙauna. Alƙali Iyal ya kawo a cikin Tartibul Madariki cewa Imamu Malik yana yaro tattabaru ne suka ɗauke masa hankali, ɗan'uwansa Nadru shi aka sani da karatu. Wata rana mahaifinsu ya jefa musu tambaya, Nadru ya amsa daidai, Malik ya kuskure, uban ya ce tattabaru sun shagaltar da shi. Maganar ta yi masa zafi, ya tafi ya lizimci Ibnu Hurmuzu shekaru. Yau daga nan har Barno, mazhabar wa ake bi? Ku lura, laifin aka ambata masa, ba a ce shi ɗan banza ne ba. Ya kai mai yaron da ke yini a gindin akurkin tattabaru, tsawata masa, amma ka san irin kalmar da za ka jefe shi da ita.

A nan ne nake jin tsoro a kanmu. Yaro ɗan shekara huɗu a sa masa suna shaiɗan, ko dolo, ko mara zuciya, a yi ta kiran sa da shi gaban baƙi har ya yarda cewa shi ɗin ke nan. Wanda ke fitsarin kwance a tara masa yaran unguwa suna yi masa waƙar amalala, alhali barci ne ya fi ƙarfinsa. Mai i'ina a riƙa kwaikwayonsa. Bahago a yi ta bugun hannunsa, alhali Annabi da ya ga hannun Umar ɗan Abu Salama na yawo cikin akushi, da lallami ya koya masa ambaton Allah da ci da dama, yaron kuma ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Sai kuma kalmar nan mai dafi: dubi ɗan'uwanka. Ku karanta Suratu Yusuf ku ga inda zaton fifiko ya kai 'yan'uwa, a gidan annabci ma. Bashiru ya zo neman Annabi ya yi shaidar kyautar da ya yi wa ɗansa Nu'umanu shi kaɗai, Annabi ya ƙi, ya umurce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Malamai sun ce magabata har a sumba suna son daidaitawa. A al'adarmu ɗan fari kunya ta hana a sake masa fuska, auta kuma a sake masa komai. Kunya aba ce mai kyau, amma kada ta kai yaro ya girma bai taɓa jin daɗin bakin ubansa ba.

Game da bulala, malaman mazhabarmu sun riga sun sa iyaka. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256, ya rubuta a littafinsa na ladubban malaman yara cewa ba a wuce bulala uku sai da izinin uba, ba a dukan kai ko fuska, kuma dukan huce haushi ba adalci ba ne. Ibnu Haldun ya ƙara da cewa tsanani ga yaro yana gadar masa kasala da ƙarya da yaudara, don yana koyon ɓoye abin da ke zuciyarsa saboda tsoro. Bulalar da mai taurin kai zai shanye ya yi dariya, ita ce za ta rufe bakin mai taushin zuciya har shekara. Kuma mai taurin kan ma, in ya saba da ita, ranar da ya fi ƙarfinta me ya rage a hannunka? Samarin nan da ke taruwa a ƙungiyoyin da ake kira pale, waɗanda garin nan ya sha kuka da su, ba daga sama suka faɗo ba. Da yawansu masu ƙarfin zuciya ne da ba a samar wa ƙarfinsu aiki ba, aka yi ta ce musu ba za su yi albarka ba, har suka sami wurin da ake yaba abin da gida ke zagi.

Yanzu ina son iyaye mata su matso kusa da rediyo. Mun yi ta magana kan mai rigima, amma mai shiru ya fi ba ni tsoro. Likitan nan ya ba ni labarin wani bincike da aka yi cikin Masai, makiyayan ƙasar Kenya, lokacin farin shekarun 1970. An ware jarirai masu sauƙi da masu yawan kuka. Da aka komo bayan 'yan watanni fari ya tsananta, cikin 'yan kaɗan da aka sake samu, mafi yawan waɗanda suka rasu masu sauƙin ne. Mai kuka ya tilasta a ba shi nono, mai haƙuri aka manta da shi. Mu da muka ga yunwar 2005 a jihar nan da ta Maraɗi mun san wannan ba tatsuniya ba ce. Don haka a rarrabe hali da cuta. Yaron da tun asali mai natsuwa ne, yana ci, yana wasa, yana murmushi, wannan halinsa ne. Amma wanda da yana wasa ya daina, ya ƙi abinci, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, ya zauna inda aka ajiye shi ba kuka ba dariya, wannan ba haƙuri ba ne, alamun tamowa ne, a kai shi likita yau. Wanda kuma ya tashi daga sanƙarau ko zazzaɓi mai zafi aka ga ana kira ba ya waiwayowa, kada a ce raini ne a kama duka, a gwada kunnensa, don sanƙarau na kurmantarwa. Wanda ya yi jinkirin tafiya ko magana, kada a ce ɗan ruwa ne. Ɗan Adam ne, amana ce, za a tambaye ku.

Yaye ma haka. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Wani yaron ranar da aka kai shi gidan kaka ya manta da nono. Wani kuwa in aka shafa masa abu mai ɗaci aka raba shi da uwa dare ɗaya, sai ya ƙi ci ya rame. Irin wannan a bi shi sannu, a saba masa da kunu da fura tun yana hannun uwarsa.

Tun da a watan azumi muke, ga abin da ya shafe shi. A Risala an bayyana cewa azumi ba ya wajaba a kan yaro sai ya balaga. Ya kuma tabbata daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa matan sahabbai kan sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har rana ta faɗi. Koyarwa ce da lallashi. A zafin garin nan, akwai ɗan shekara tara mai zuciya da zai ɓoye jiri don kada a ce ɗan'uwansa ya fi shi. Wannan ku za ku ce masa ya sha ruwa da azahar, ku yaba masa rabin yinin. Akwai kuma ɗan sha uku mai ƙoshin lafiya da ke laɓewa bayan randa, shi ƙarfafawa yake bukata, a tashe shi sahur tare da manya, a zaunar da shi kusa da uba lokacin buɗa baki. Kuma ga tashe an fara tun goma ga wata. In yaran sun shigo gidanku, kafin ku ba su sadaka ku sallame su, ku ɗan duba: wa ke gaba yana tsara su, wa ke riƙe da kuɗin ba a jayayya da shi, wa ke raba faɗa in rabo ya zo. Cikin kwanakin da suka rage kowane uba ya ware wa kowane ɗa nasa zama ɗaya, shi kaɗai, ko da tafiya masallaci ce da dawowa, ya bar yaron ya yi magana.

Mai kula da na'ura yana yi mini nuni lokaci ya cika. Sauran tambayoyin da aka aiko kan riƙon marayu da 'ya'yan kishiya, gobe in Allah Ya kai mu za mu ɗauke su bayan asham.

Allah Ka shirya mana zuriyarmu, Ka sanya su sanyin idanunmu, Ka ba marasa lafiyarsu lafiya, Ka jiƙan iyayenmu da suka yi haƙuri da mu muna ƙanana. Allah Ka ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.